Madhubala: Jarumar da ta bar mana rigar Anarkali

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin da ƙawayen amarya suka ware rana guda don shigar Indiya, ya san rigar nan da ke kama jiki daga kafaɗa zuwa ƙasan ƙirji, sannan ta buɗe kamar laima har idon sawu, a sa ta da siririn wando da mayafi. Anarkali ake ce mata, ma'ana furen rumman. Rigar ta daɗe a Indiya, tun zamanin sarakunan Mughal, amma wadda ta sa duniya ta ƙyalla ido a kanta jaruma ce da ta rasu tun 1969. Yau tarihinta muka kawo muku, don da yawanmu mun san rigar amma ba mu san irin wuyar da mai rigar ta sha ba.

Sunanta na yanka Mumtaz Jehan Begum Dehlavi. An haife ta a birnin Delhi ranar 14 ga Fabrairu, 1933, a gidan Musulmi. Mahaifinta Ataullah Khan ɗan ƙabilar Pashtun ne daga yankin Peshawar, ita ce kuma ta biyar cikin 'ya'ya goma sha ɗaya. Da mahaifin ya rasa aikinsa a kamfanin taba, sai talauci ya sa ya kwashi iyalinsa suka koma Bombay, wato Mumbai ta yanzu. Yarinyar ba ta samu zuwa makarantar boko ba. Tana da shekara tara aka fara ganinta a fim ɗin Basant na 1942, da sunan Baby Mumtaz, kuma tun daga lokacin kusan duk abin da ake ci a gidansu daga guminta yake fitowa. A 1944 wani jirgin ruwa maƙare da kayan yaƙi ya fashe a tashar Bombay, gobarar ta cinye gidansu. Abin da ya tsirar da su shi ne a ranar sun tafi kallon fim a silima.

Tana da shekara 14 darakta Kidar Sharma ya ba ta matsayin babbar jaruma a Neel Kamal na 1947, tare da Raj Kapoor, wanda shi ma a lokacin sabon shiga ne. A wajajen nan ne ta koma amsa sunan Madhubala. Fim ɗin da ya ɗaga ta sama shi ne Mahal na 1949, labarin wani tsohon gida da wata mace da ake zaton fatalwa ce, inda ta fito da Ashok Kumar. Waƙar fim ɗin ce ma ta fito da Lata Mangeshkar sosai a idon duniya. Kun ga ke nan fim ɗaya ya haifar da taurari biyu.

Daga nan fa sai likkafa ta ci gaba. A 1951 mai ɗaukar hoto na mujallar Life ta Amurka, James Burke, ya je har Bombay ya ɗauke ta hotuna, a 1952 kuma mujallar Theatre Arts ta yi dogon rubutu a kanta. Sai dai duk wannan suna, ba mai yawan fita ba ce. Mahaifinta ya tsaurara mata sosai: daga gida sai wajen ɗaukar fim, ba zuwa liyafa, ba sakin jiki da 'yan jarida. Shi ke karɓar aiki, shi ke cewa a yi ko a bari.

Abin da masu kallo ba su sani ba shi ne, da ciwo aka haife ta. Akwai 'yar huda a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasan zuciyarta, don haka jini na bin hanyar da ba tasa ba, yana wahalar da huhu. A yau irin wannan ciwo likitoci kan yi aiki su toshe tun yaro na ƙarami, amma a wancan zamani aikin bai kankama ba. A 1954, tana Madras wajen ɗaukar fim ɗin Bahut Din Huwe, ta yi aman jini. Ta ɗan huta, ta koma aiki, aka rufe maganar. To ina za ta tsaya, alhali gida gaba ɗaya ita ake kallo?

Sai batun soyayya, wanda shi kansa ya isa a yi masa fim. Ita da Dilip Kumar sun fara fitowa tare a Tarana na 1951, kuma kowa a masana'antar ya san suna son juna. Matsalar ita ce jinin Dilip da na mahaifinta bai haɗu ba. Abin ya fashe ne a kan fim ɗin Naya Daur na B. R. Chopra. Darakta ya ce za a tafi ɗauka a wajen Bhopal, mahaifinta ya ce 'yarsa ba za ta je ba. Chopra ya cire ta ya sa Vyjayanthimala, magana ta kai kotu, Dilip kuma ya ba da shaida a ɓangaren darakta. Nan soyayyar ta mutu. Ku duba fa halin da ta shiga: ga uba, ga masoyi, kuma a gaban alƙali da 'yan jarida aka raba gardamar.

Duk da haka ba ta karaya ba. A 1955 ta yi Mr. & Mrs. '55 da Guru Dutt. Shekarar 1958 kuwa tata ce, don a cikinta ta fito a Kala Pani da Dev Anand, da Howrah Bridge inda ta taka rawar 'yar rawa mai shigar Turawa, da kuma Chalti Ka Naam Gaadi da Kishore Kumar, fim ɗin barkwanci da har yau ake dariyarsa. Wanda ya ga yadda take murmushi da tsokana a waɗannan fina-finai ba zai taɓa cewa mara lafiya ce ba.

Yanzu mu zo kan Mughal-e-Azam, fim ɗin darakta K. Asif da aka shafe shekaru ana yi kafin ya fito ranar 5 ga Agusta, 1960. Labarin Yarima Salim ne, ɗan Sarki Akbar, da ya kamu da son wata 'yar rawar fada mai suna Anarkali, sarki kuma ya ce ba za ta saɓu ba. Prithviraj Kapoor ne sarki, Dilip Kumar ne yarima, Madhubala ce Anarkali, Naushad kuma ya yi kiɗa. An kashe dukiya ba kaɗan ba: teloli daga Delhi, masu aikin surfani daga Surat, maƙeran zinare daga Hyderabad. An gina wani ɗaki na madubai zalla mai suna Sheesh Mahal da gilashin da aka sayo daga Beljiyam. Yawancin fim ɗin baƙi da fari ne, amma rawar da ta yi a wannan ɗaki an ɗauke ta a kala. Da ta juya, rigar ta buɗe ta yi da'ira, hotonta ya bayyana a ɗaruruwan madubai lokaci guda. Daga wannan fitowa ce 'yan mata suka dinga zuwa wajen tela suna cewa a ɗinka musu irin ta Anarkali.

A bayan kyamara kuwa labarin daban ne. A wuraren da aka jefa Anarkali kurkuku, sarƙoƙin ƙarfe na gaske aka ɗaura mata, masu nauyi, har suka ji mata ciwo a jiki, ga kuma ciwon zuciya. Sannan shahararriyar fitowar nan da Salim ke shafa mata fuska da gashin tsuntsu, wadda ake lissafawa cikin fitattun wuraren soyayya a fina-finan Indiya, an ɗauke ta ne a lokacin da ita da Dilip ko gaisawa ba sa yi. Wannan shi ake kira iya aiki.

Fim ɗin ya kafa tarihin kawo kuɗi da aka ɗau shekara 15 ba a karya ba, sai da Sholay ya fito a 1975. Amma abin mamaki, ba ta samu kyautar Filmfare ta gwarzuwar jaruma ba. Bina Rai ce ta lashe a shekarar da fim ɗin Ghunghat, ita ce kuma ta taɓa fitowa a matsayin Anarkali a wani fim na 1953. Har Madhubala ta koma ga Allah ba ta taɓa riƙe wannan kyauta ba.

A 1960 ɗin ta auri Kishore Kumar, suka tafi Landan ganin likita. Likitoci suka ce aiki ba zai yiwu ba, kuma ba su ga alamar za ta wuce shekara biyu ba. Allah da ikonsa ta yi shekara tara, yawanci a kwance a gida, jiki na ramewa. Ta yunƙura ta koma aiki a fim ɗin Chalaak da Raj Kapoor, jiki ya ƙi, ba a ƙarasa shi ba. Ta rasu ranar 23 ga Fabrairu, 1969, kwana tara bayan ta cika shekara 36, aka binne ta a maƙabartar Musulmi ta Juhu. Ta bar fina-finai kusan 70. Mutane kan haɗa ta da Marilyn Monroe ta Amurka, wadda ita ma a shekara 36 ta mutu.

Salonta dai bai bi ta kabari ba. Gashi mai lanƙwasa da ke sauka a gefen fuska, kwalli raɗau, jan baki mai duhu, ga ɗan murmushin nan na gefe guda, har yau jarumai na kwaikwaya. Wanda ya kalli Bajirao Mastani na 2015 ya ga Deepika Padukone na rawa a ɗakin madubai sanye da Anarkali, to ga inda aka samo. A 2004 an mayar da Mughal-e-Azam kala gaba ɗayansa aka sake haska shi a silima, a 2008 kuma gwamnatin Indiya ta buga kan sarki mai hotonta. Mu ma nan, da yake iyaye da kakanni sun sha kallon Indiya a silimomin Kano irin su Plaza da El Dorado, ba abin mamaki ba ne rigar ta samu gindin zama a bukukuwanmu da wasu waƙoƙin fina-finanmu.

Shawararmu ita ce ku nemi Mughal-e-Azam ku kalla, ko da ya fi awa uku. In kun zo wajen rawar ɗakin madubai, ku tuna wadda ke juyin nan likita ya riga ya hana ta wahala, kuma da wannan wahalar ta riƙe iyayenta da 'yan uwanta tun tana 'yar shekara tara. Allah ya jiƙanta ya gafarta mata.