Akira Yoshizawa: Ɗan masu kiwon shanu da ya ɗaukaka fasahar ninke takarda

Duk yaron da ya taɓa yage takardar littafi ya ninke ta ta zama kwalekwale, ya sake ta a magudanar ruwan noman rani a Kura ko Bunkure, ya ɗanɗana fasahar da Japanawa ke kira origami. Shekaru aru-aru ana ɗaukar ta wasan yara. Akira Yoshizawa ne ya fitar da ita daga wannan matsayi, ya kai ta manyan gidajen baje kolin fasaha na duniya.

Haihuwa da ƙuruciya

An haife shi ranar 14 ga Maris, 1911, a garin Kaminokawa da ke lardin Tochigi na ƙasar Japan. Iyayensa masu kiwon shanun madara ne. Yana da shekara 13 ya tafi Tokyo ya kama aiki a wata masana'anta, inda ya yi ta ƙoƙari har ya zama mai zana taswirar injuna. Da aka ɗora masa koyar da ƙananan ma'aikata lissafin siffofi da kusurwoyi, sai ya riƙa ninke takarda a gabansu domin su ga darasin ƙuru-ƙuru.

A 1937 ya ajiye aikin don ya duƙufa ga ninke takarda. Wannan shawara ta jefa shi cikin talauci na tsawon shekaru, har ya koma tallar tsukudani gida-gida, wani mahaɗin cin shinkafa da ake dafawa da ruwan waken soya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a sashen jinya na rundunar sojan Japan a Hong Kong, inda yake ninke wa majinyata 'yan siffofi don faranta musu rai.

Buɗi bayan wuya

Mahakurci mawadaci. Mujallar Asahi Graph ta nemi ya ninke dabbobi 12 na kalandar gargajiyar ƙasar, ta buga hotunansu a Janairun 1952, kuma daga nan sunansa ya bazu. A 1954 ya wallafa littafinsa na farko, ya kafa cibiyar origami a Tokyo. A 1955 gidan adana kayan fasaha na Stedelijk da ke Amsterdam ya baje kolin ayyukansa, Turawa suka ga abin da takarda guda za ta iya zama.

Abu biyu ya bari gado. Na farko shi ne ninki da danshi: ya ɗan jiƙa takarda mai kauri kafin ya ninke ta, ta lanƙwasu kamar yumɓu, idan ta bushe ta riƙe siffarta. Da haka giwarsa da birinsa suka samu ƙirar jiki kamar masu rai. Na biyu, wanda ya fi tasiri, shi ne tsarin alamomi: layin ɗigo-ɗigo iri ɗaya na nuna ninki ciki, wani iri na nuna ninki waje, kibiyoyi kuma na nuna inda takarda za ta nufa. Samuel Randlett na Amurka da Robert Harbin na Ingila sun faɗaɗa tsarin, ya zama abin da ake bi a ko'ina. Wanda bai san kalmar Japananci ko ɗaya ba zai iya bin zanen ya fitar da siffar.

Ƙwallayen ado

Yoshizawa ya fi karkata ga takarda guda, ba yanka ba manni. Amma akwai wani reshen fasahar, wato haɗa ninkakkun takardu masu yawa su zama abin ado guda. Asalinsa kusudama, ƙwallon furanni da ganyayen magani da ake ratayewa a gida. A ƙarshen shekarun 1960 aka fito da ƙwayar ninkin da ke ɗauke da sunan Mitsunobu Sonobe, mai aljihu biyu da harshe biyu: harshen wannan ya shiga aljihun waccan, su riƙe juna. Guda 6 na ba da siffar akwati, 12 ko 30 kuma su ba da ƙwallo mai tsinaye. Akan yi su da chiyogami, takarda mai zanen furanni da launuka, ko washi da ake sarrafawa da hannu daga ɓawon itace.

Ƙarshen rayuwa

A 1983 Sarki Hirohito ya ba shi lambar girmamawa ta Fitowar Rana. A 1989 ya ƙiyasta cewa ya ƙirƙiri siffofi fiye da 50,000, kodayake 'yan ɗaruruwa ne kawai suka shiga littattafansa 18. Bai yarda ya sayar da ayyukansa ba, sai dai ya ba da kyauta ko aro. Ya rasu a Tokyo ranar 14 ga Maris, 2005, ranar da ya cika shekara 94.

Kura ta yi suna da rini da bugu, har rawanin ɗan Kura ya zama abin alfaharin Buzaye a cikin Sahara. Mafi yawan sirrin wannan sana'a a hannun dattawa yake, daga uba zuwa ɗa, kuma karofi da dama sun riga sun bushe. Abin da ya tsare fasahar Yoshizawa daga irin wannan makoma shi ne ya zauna ya zana wasu daga cikin ninke-ninkensa a takarda, mataki bayan mataki, tun yana da rai.