Muhammadu Bello, Sarkin da ya tare a bakin iyaka

A watan Yulin 2018, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Tabanni da ke Ƙaramar Hukumar Rabah, waɗanda suka tsira da rayukansu Gandi suka nufa, aka yi masu sansani a can. Sunan garin ne ya tsaya mini a rai tun ranar, domin Gandi na cikin ribaɗin da aka kafa a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello don hana mahara shiga wannan yanki. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu waiwayi rayuwar wannan bawan Allah ta fuskar da ba kasafai ake kallonta ba, wato yadda ya tsare ƙasa bayan an ci ta.

An haifi Bello a 1781, ɗa ne ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Yana da shekara 23 aka yi hijira zuwa Gudu, aka kuma yi nasarar Tabkin Kwatto a 1804. Amma a ganina ba a wannan nasara ya koyi abin da ya koya ba. A Tsuntsuwa, cikin wannan shekara, Gobirawa da Abzinawa sun yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna, mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka kwanta dama. A 1805 aka sake shan kashi a Alwasa, abokan gaba suka biyo su har Gwandu, garin da a lokacin ba shi da ganuwa, da ƙyar aka kore su. Bayan haka ne aka kewaye Gwandu. A 1808 Bello ya jagoranci cin Alƙalawa, inda Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa, a 1809 kuma ya kafa Sakkwato a kan tudu, kusa da mahaɗar gulbin Rima da na Sakkwato.

Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, sai ƙasa ta yamutse. Abdussalami, almajirin Shehu ne, ya yi tawaye daga Kware, tafiyar 'yan sa'o'i daga Sakkwato, ba a murƙushe shi ba sai farkon 1818. Katsinawan da aka kora suka kafu a Maraɗi, Gobirawa suka sake haɗa kai, Kabawa ba su daina ba. Kowane rani sai an fita yaƙi, a ci nasara, damina ta faɗi, mayaƙa su koma gona, maharan su dawo inda aka kore su. Ko garin da ke da ganuwa ma ba ya ciwuwa da sauƙi. Kyaftin Clapperton, Baturen Birtaniya, ya ga da idonsa a 1826 yadda rundunar Bello, da dawakinta da 'yan lifidinta, ta wuni a bakin ganuwar Konya ta Gobirawa, ta juyo ba ta shiga ba.

To, abin da ya hana shi shiga Konya shi ya ɗauka ya juya wa abokan gaba. Ya jera garuruwa masu ganuwa a kan hanyoyin da mahara ke bi, musamman a kwarin Rima, inda ruwa da ciyawar dawaki suke. Maharin da ya fito daga arewa dole ya shayar da dokinsa, kuma duk mashayar da ya nufa akwai idon da ke kallonsa. In ya tsaya kewaye gari, gudunmawa ta cim masa. In ya wuce, a tare masa hanyar komawa da ganimarsa.

Ribaɗin nan ba bariki ba ne da ake kai soja a canja su bayan wata uku. Gari ne sosai, da masallaci da makaranta da alƙali da kasuwa da gonaki. Bello ya jawo Fulani makiyaya su zauna, ya ƙarfafa masu gwiwa su kama noma da kiwon dawaki, su sa 'ya'yansu karatu. Wanda rumbunsa da iyalinsa ke cikin ganuwa ba sai an roƙe shi ya hau ta da kwari da baka ba. Sa'an nan ga wanda aka ba riƙon garuruwan: ɗansa Fodiyo a Lajinge, ɗansa Aliyu a Shinaka, ƙanensa Atiku a Bakura, wani ƙanen nasa Ahmadu Rufa'i a Silame, ta fuskar Kabi. Shi kansa wajen 1830 ya gina Wurno, arewa maso gabas da Sakkwato, ya riƙa zama can. Mai karatu ya auna wannan da shugabannin da ba su san garin da aka kai wa hari ba sai ranar jaje.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka haƙa ganuwar nan suka nome gonakinta bayi ne da aka kamo a yaƙi, kuma Bagobiri ko Bakabe yana da tasa riwayar, wadda a cikinta shi ne mai ƙasa, ribaɗin kuwa shinge ne da aka yi masa a gonar kakansa. Tsarin ma bai kashe wutar ba, rage ta ya yi. A 1836 sai da Bello ya fita da kansa zuwa Gawakuke, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda, amma Gobirawan da suka rage suka kafa Tsibiri, suka ci gaba da kai hari. Ta yamma kuma, a 1849 Yakubu Nabame ya tayar da Kabi daga Argungu, Sakkwato ba ta ƙara mallakar ta ba har zuwan Turawa. Duk da haka, tsakiyar daular ta zauna, aka yi noma da rini da fatauci da rubuce-rubuce a bayan wannan jerin ganuwa har 1903.

Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837, yana da shekara 56, bayan shekara 20 a kan mulki. Ba a ɗauko shi zuwa Hubbare kusa da mahaifinsa ba, a can cikin ribaɗin aka yi masa sutura, kabarinsa na nan ana ziyarta. Allah Ya ji ƙansa.