Tarihin Gregor Mendel, malamin cocin da ya gano lissafin gado a lambun wake

Duk mai auna wake a kasuwar Dogondutsi ko ta Tibiri ta san akan ci karo da jar ƙwaya a cikin tiyar fari, a tsince ta a jefar ba tare da wani tunani ba. Mutumin da za mu kawo muku tarihinsa a yau irin wannan abu ne ya tsaya yana ƙirgawa har shekara takwas, kuma ƙirgar tasa ce tushen gwajin jinin da likitoci ke cewa a yi kafin aure.

An haifi Johann Mendel a watan Yuli na 1822 a ƙauyen Heinzendorf, a cikin daular Ostiriya, yankin da yanzu yake ƙasar Cek. Iyayensa talakawan manoma ne. Yaron yana da kai, amma kuɗin makaranta ya gagara, ga kuma itace ya faɗo wa mahaifinsa ya nakasa shi. Ƙanwarsa Theresia ce ta ɗauki wani kaso na dukiyar da aka ajiye mata domin aurenta ta ba shi ya ci gaba da karatu. Bai manta da wannan alheri ba, domin daga baya shi ya ɗauki nauyin karatun ƴaƴanta maza uku, biyu daga cikinsu suka zama likitoci.

A 1843 ya shiga gidan malaman coci na garin Brno, inda aka sa masa suna Gregor. Sau biyu yana zama jarrabawar samun takardar koyarwa, a 1850 da 1856, duk bai dace ba.

Daga 1856 zuwa 1863 ya duƙufa a ɗan lambun gidan yana shuka wani nau'in waken Turawa, har ya shuka wajen dubu 28. Yakan ɗebi garin furen wannan ya shafa wa wancan da hannunsa, ya jira su yi ƴaƴa, ya rubuta. Da ya haɗa mai shuɗin fure da mai farin fure, ƴaƴan duka suka fito shuɗi, kamar farin ya ɓace. Da ya shuka jikoki kuwa sai ga farin ya dawo: 705 shuɗi, 224 fari, wato kusan ɗaya cikin huɗu. Ya gwada da launin ƙwaya da tsawon kara, lissafin bai sauya ba. Daga nan ya fahimci cewa kowane hali yana da ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, kuma ɗayar tana iya laɓewa a jiki ba a ganinta sai ranar da ta haɗu da irinta.

Ya karanta sakamakon a gaban masanan Brno a 1865, aka buga a 1866, ba wanda ya kula. A 1868 aka naɗa shi shugaban gidan, aikin ofis da rigimar haraji da gwamnati suka cinye sauran kwanakinsa. Ya rasu ranar 6 ga Janairu 1884 da ciwon ƙoda, aka ƙone yawancin takardunsa. Sai a 1900 wasu masana uku suka sake gano abin da ya gano, sannan duniya ta waiwayi sunansa.

To, me ya haɗa wannan da mu? A 1949 wani likitan Amurka, James Neel, ya nuna cewa amosanin jini, wanda ake kira sikila ko emasi, wannan lissafi yake bi. Mai jinin AS lafiyarsa ƙalau, yana noma yana cin kasuwa, amma S ɗin tana laɓe kamar farin furen nan. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A lura, kowane ciki sabon lissafi ne: wani gida a haifi huɗu babu ko ɗaya, wani gidan uku a jere. In kuwa ɗayansu AA ne, ba za a haifi SS ba. Akwai kuma jinin C a yankinmu, wanda shi ma yake kawo ciwo in ya haɗu da S.

Wannan lissafi ya wanke mata. Sau da yawa in yaro yana fama da ciwon ƙashi da ƙarancin jini, dangin miji uwar suke zargi, wani lokaci har da saki, alhali rabin abin daga uban ya fito. Auren zumunci kuma yana ƙara yiwuwar haɗuwar S biyu, tunda kaka ɗaya ake gada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2006 kashi 24 cikin 100 na mutanen Najeriya, maƙwabtanmu, suna ɗauke da S. A 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 19 ga Yuni a matsayin ranar wannan cuta. A Yamai akwai cibiyar ƙasa mai kula da masu ita, a Kano kuma tun watan Mayu na 2024 doka ta wajabta gwajin kafin ɗaurin aure. Ɗan jini kaɗan ake ɗiba, kuma sakamakon ba ya sauyawa har iyakar rayuwar mutum.