TAƘAITACCEN TARIHIN SHEHU ABDULLAHI ƊAN FODIYO, MAI GWANDU: MAI AWON NIYYA KAFIN AIKI

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da ƙiraza suke ɓoyewa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa muridai na Tambuwal da Kebbe da kewaye, bana mun zaɓi mu tuna da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da shi, ta fuska ɗaya: yadda yake bin diddigin abin da ke tura zuciya ga aiki.

Nasabarsa da karatunsa

An haife shi a shekarar 1180 bayan Hijira (1766). Mahaifinsa shi ne Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a hannun yayansa, Mujaddadi Shehu Usmanu, ya kuma sha ilimi wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru da wasu malamai da ya lissafa a littafinsa Ida'un Nusukh. Ya shahara a nahawu da sarfu da fiƙihu da tafsiri, a kan ɗariƙar Sidi Abdulƙadir Jilani.

Da aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, shi ne farkon wanda ya yi wa Shehu mubaya'a. Shi ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto a wannan shekara, ya kuma ci Birnin Kabi a 1805. A wancan lokaci babu abin da zai kwaɗaitar da mai son duniya, sai yunwa da gudun hijira da kaburburan 'yan'uwa.

Barinsa runduna

Jarrabawa ta zo ne tare da nasara. Bayan manyan malamai da mahardata sun yi shahada a Tsuntsuwa da Alwasa, sai Shehu Abdullahi ya duba waɗanda suka cika sahu. Tuta ita ce ta jiya, kabbara ita ce ta jiya, amma abin da ke jan mutane ya sāke. Ya ga masu neman sarauta da dawakai da manyan riguna da ganima, alhali masallatai da makarantu sun koma baya. Ya bayyana wannan baƙin ciki a Tazyinul Waraƙat, kuma bai tsame kansa ba, domin ya ji tsoron kada cutar ta kama shi.

Saboda haka, wajen 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, ya bar runduna da 'yan abokan tafiya kaɗan, ya fuskanci gabas da nufin isa wajen Manzon Allah. Da ya isa Kano ya tarar da irin abin da ya gudo dominsa. Mutanen Kano suka roƙe shi ya tsaya. Ya karantar da su tafsiri, ya wallafa musu Liya'ul Hukkam a kan hukunce-hukuncen mulki, sannan ya koma wajen Shehu. Tafiyar nan ta nuna cewa ciwon zuciya ba ya da gari, don haka sauya mazauni ba ya maganinsa, sai ilimi da tarbiyya.

Malaman tasawwufi sun yi bayani cewa mutum yana motsawa ne da tsoro, ko kwaɗayi, ko ƙauna. Mutum biyu suna iya tsayuwa a sahu ɗaya, ɗaya don Allah, ɗaya don a gan shi, kuma ido ba ya rarrabe su. Rai mai umurni da mugun aiki yana da dabara: idan ya kasa hana bawa ibada, sai ya shiga cikinta ta ƙofar riya da jiji da kai da son girma. Irin waɗannan cututtuka ne Shehu Abdullahi ya yi wa littafi mai suna Tahzibul Insan.

Ranar Kalambaina

A 1812 Shehu ya ba shi kula da yammacin daula. Da Shehu ya rasu a 1817, Shehu Abdullahi ya nufo Sakkwato, ya tarar an riga an yi wa ɗan ɗan'uwansa, Muhammadu Bello, mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari. Ya juya bai zare takobi ba, ko da yake ya ji zafin abin, har aka ɗauki lokaci suna nesa da juna.

Bayan 'yan shekaru tawaye ya tsananta a Kalambaina, sai Sarkin Musulmi Bello ya kawo masa ɗauki. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu bayan nasara, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, sai dattijon ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi, ya yi masa mubaya'a. Ma'aunin da ya auna wasu da shi a hanyar Alƙalawa, ran nan ya ɗora kansa a kai.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya ƙarasa kwanakinsa a Gwandu cikin karantarwa da wallafa, ya bar wa al'umma tafsirinsa Liya'ut Ta'wil. Ɗansa Muhammadu da ɗan ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu, mai ribaɗin Tambuwal, suka ɗauke masa yawancin nauyin yaƙi da tsaron iyaka. Ya rasu a 1245 (1829), kabarinsa yana Gwandu, makwabciyarmu.

Ya ɗan'uwa, kafin ka zauna a halƙar zikiri, tambayi zuciyarka abin da ya kawo ka. Idan an ba wani shimfiɗar gaba aka bar ka a baya, ko aka ambaci hidimar wani aka manta da taka, abin da ka ji a ranka shi ne amsar.

Allah Ya tsarkake niyyoyinmu, Ya jiƙan Shehu Abdullahi, Ya amfane mu da albarkarsa. Amin.