Robert Goddard: Malamin Da Aka Yi Wa Dariya Saboda Roka

An haifi Robert Goddard ranar 5 ga Oktoba 1882 a garin Worcester na jihar Massachusetts, Amurka. Ya taso da yawan rashin lafiya, har tarin fuka ya kwantar da shi a 1913. Da ya samu sauƙi ya koma koyarwa a Jami'ar Clark, hankalinsa kuma na kan roka.

A 1919 ya wallafa bincikensa, inda ya nuna roka na iya kaiwa duniyar wata. Jaridar New York Times ta yi masa ba'a a Janairun 1920, wai roka ba za ta tafi inda babu iska ba. Su ne dai ba su gane ba. Abin da roka ta feso baya shi ke ingiza ta gaba. Haka yara ke yi da gorar roba: a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a buga iska da famfon keke, ruwa ya fito ƙasa, gora ta yi sama.

Ranar 16 ga Maris 1926, a wata gona a Auburn, ya harba rokar farko mai aiki da fetur da oksijin na ruwa. Ta tashi ƙafa 41 kacal, cikin daƙiƙa biyu da rabi. Gorar yaro ma kan wuce haka! A 1929 ƙarar gwajinsa ta firgita maƙwabta, hukuma ta taka masa birki. Matuƙin jirgin nan Charles Lindbergh ne ya samo masa tallafin iyalan Guggenheim, ya koma Roswell a 1930.

Ya rasu 10 ga Agusta 1945. Sai a Yulin 1969, lokacin da Apollo 11 ke hanyar wata, jaridar ta janye maganarta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙafa 41 ɗin nan. Na san yara a Duvu ta Mubi masu ƙera mota da gwangwani da waya, kuma irinsu na nan a Agege da Sabon Ibadan. Jama'a, in kun ga yaro da gora da famfo, kar ku ce shirme ne. Ku kai shi fili, nesa da wayoyin lantarki, ku tsaya a kansa.