Anténor Firmin, baƙar fatar da ya ƙaryata masu awon ƙoƙon kai

An haifi Anténor Firmin ran 18 ga watan Oktoba na shekara ta 1850 a garin Cap-Haïtien, cikin Haiti, ƙasar jikokin bayin da suka ƙwaci ƴancinsu daga hannun Faransa a 1804. Ɗan talakawa ne. A garinsu ya yi karatu, ya koyar, ya zama lauya, har ya kafa jarida.

A shekara ta 1883 ya tafi Paris. Da shekara ta kewayo, aka karɓe shi cikin ƙungiyar masana halittar ɗan Adam, wadda likita Paul Broca ya kafa a 1859. Babban aikin waɗannan masana shi ne awo. Sukan auna faɗin ƙoƙon kai su gwada da tsawonsa, su kasa mutane gida gida: ga masu dogon kai, ga masu kewayayyen kai. Sukan ɗura ƙwayoyin dalma cikin ƙoƙon kan mamaci, su juye su auna, wai su san girman ƙwaƙwalwa. Hanci da tsawon hannu ma ba su tsira ba. Abin mamaki, kowane awo aka yi, sai a ce Bature ne a sama, baƙar fata a ƙasa. Wannan kuwa ba wasa ba ne, don a daidai lokacin ne Turawa suka zauna a Berlin kan rabon Afirka, suna bukatar hujja.

Firmin yana zaune cikinsu yana ji. Bai yi gardamar baki ba. A 1885 ya fitar da littafi mai shafi fiye da 600 kan daidaicin jinsunan ɗan Adam, martani ga Gobineau da almajiran Broca. Da igiyarsu ya ɗaure su: ya jera alƙalumman da su kansu suka buga, ya nuna masu awon ba su jitu ba, kowa da hanyarsa, kuma lambobin farare da na baƙaƙe sun cakuɗe. Ya kuma kafa hujja da cewa baƙar fata ne suka gina tsohuwar Masar, tun ba a haifi Cheikh Anta Diop ba. Ƙungiyar ta yi kunnen uwar shegu da littafin.

Da ya koma gida ya riƙe ministan kuɗi da harkokin waje. A 1891 ya hana Amurka tashar jiragen ruwa ta Môle Saint-Nicolas da ta nema. Ya nemi shugabancin ƙasa a 1902, abin ya kai ga yaƙi, Nord Alexis ya rinjaye shi. A tsibirin Saint Thomas ya rasu, yana gudun hijira, ran 19 ga Satumba 1911. Sai a shekara ta 2000 aka buga littafinsa da Ingilishi.