Sarkin Daura Abdurrahman: Shekara 55 tsakanin ayarin raƙuma da tashar mota

A shekarar 1911 abubuwa biyu suka faru a ƙasar Hausa waɗanda a lokacin ba wanda zai ce suna da alaƙa. Layin dogo ya iso Kano daga Kudu, a Daura kuma aka naɗa Abdurrahman ɗan Malam Musa sarki.

Jirgin ƙasan bai ƙaraso Daura ba. Daga baya an ja layi zuwa Ƙauran Namoda a 1929, an ja wani zuwa Nguru a 1930, amma Daura na nan a gefe. Don haka duk abin da zai haɗa masarautar da kasuwar duniya sai ya bi ta ƙasa, a bayan jaki ko raƙumi, daga bisani kuma a bayan mota. Tarihin mulkin Sarki Abdurrahman, wanda ya kai har 1966, shi ne tarihin wannan sauyi.

Gidan da ya dawo bayan shekara 100

Abdurrahman ya fito ne daga tsohon gidan sarautar Haɓe na Daura. A wajajen 1805 mayaƙan jihadi a ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci garin, Sarkin Gwari Abdu ya fice da jama'arsa. Zuriyarsa ta rarrabu, wasu suka zauna a Zango, wasu a Ɓaure, suna rayuwa a inuwar Damagaram mai ƙarfi a arewa.

Da Turawan Ingila suka kafa mulki, sai suka yi a Daura abin da ba su saba yi ba a sauran masarautu: a 1906 suka mayar da sarautar ga tsohon gidan, Malam Musa ya baro Zango ya shiga fadar kakanninsa. Bai daɗe ba, shekara biyar bayan haka ɗansa Abdurrahman ya gaje shi.

Masarautar da ya gada ƙarama ce, kuma sabuwar iyaka ta ratsa ta. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 sun raba ƙauyukan da ke auren juna, suke cin kasuwa ɗaya. Wani ya kwana a Najeriya, ƙanensa ya kwana a ƙasar Faransa.

Yadda mota ta shigo

A farkon mulkinsa fatake ne ke riƙe da hanya. Madugu ya ja ayari daga Damagaram da kanwa da gishiri da fatu, a yada zango, a wuce Kano. Tafiyar da ta ɗara kilomita 100 tsakanin Daura da Kano kwanaki ake yi a cikinta.

Gyada ce ta canza lissafin. Tun daga 1912 kamfanonin Turawa suka shiga sayenta a Kano, manoma suka faɗaɗa gonaki, buƙatar dako ta ƙaru. Ƙananan motocin Ford marasa nauyi ne suka fara jure rairayin Arewa, sannan manyan motoci irin su Chevrolet da Bedford suka biyo baya.

Sai dai mota ba ta tafiya sai da hanya, hanya kuma a wancan zamani aikin En'e ce. Baitulmali ke fitar da kuɗi, hakimai da dagatai ke tara mutanen da za su share, su cike kwazazzabai, su gyara bayan kowace damina. Galibin hanyoyin na rani ne, ruwa na sauka a rufe su. Wannan nauyi a wuyan sarki yake, domin shi Razdan zai tambaya idan hanya ta lalace, shi kuma talakawa za su kai wa kuka idan aikin ya yi musu yawa.

A can arewa ma abin na tafiya. Motocin Citroën na Faransawa sun keta Sahara a 1922 zuwa 1923, wani ayarinsu kuma ya ratsa Damagaram a tafiyar 1924 zuwa 1925. A shekarun 1930 har an samu motocin fasinja da ke tasowa daga Aljeriya su bi ta Agadas da Damagaram zuwa Kano. Daura, wadda aka mayar cikin sabon Lardin Katsina a 1934, ta zama mashiga tsakanin ƙasashen biyu.

Yaƙin Hitila ya tsayar da taya

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, shekarar da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta riƙa kai wa masu karatu labarin fagen daga. A watan Yunin 1940 Faransa ta faɗi a hannun Jamus. Hukumar Faransawa ta Afirka ta Yamma, har da Nijar, ta bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Hitila, yayin da Chadi ta bi Janar de Gaulle.

Ke nan dare ɗaya iyakar Daura ta zama bakin daga tsakanin ɓangarori biyu da ba sa ga maciji. An tsaurara shige da fice har zuwa Nuwamban 1942, lokacin da Faransawan yankin suka koma ɓangaren Ingila da Amurka. Sarkin da ke bakin iyaka a irin wannan hali yana tsaka mai wuya: Turawa na son a sa ido kan duk mai ƙetarawa, talakawa kuwa 'yan'uwansu da kasuwanninsu na tsallake.

Ƙarancin kayan mota ya game duniya. A Landan an fara rabon fetur da ƙa'ida tun Satumban 1939, ana rufe fitilun mota da dare don gudun jiragen yaƙi, a 1942 kuma aka soke kason masu motar kansu gaba ɗaya. A Paris tasi ta ɓace daga titi, kekuna masu jan fasinja suka maye gurbinta, motocin da suka rage aka ɗaura musu tukunyar gawayi a madadin fetur.

Najeriya ma ba ta tsira ba. Da Japan ta kame Malaya da Singafo a farkon 1942, babbar hanyar samun roba ta toshe, taya ta zama zinariya. Gwamnati ta sa hannu a rabon fetur da tayoyi, ta fifita dakon kayan yaƙi. A daidai lokacin ne Ingila ta matsa a ƙara noman gyada don samun mai.

Ga gyada a ƙasa, ga mota babu taya. Sai aka koma ga abin da aka sani, jakuna da raƙuma suka ci gaba da ɗaukar buhuna zuwa inda jirgi yake. A sama kuwa jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi suna sauka Kano su sha mai, su wuce Maiduguri zuwa Masar. A wannan tsakani, ranar 17 ga Disamban 1942, aka haifi Muhammadu Buhari a Daura.

Bayan yaƙi

Yaƙin ya kwashi samari daga lardunan Arewa, wasu zuwa haƙar kuza a Jos, wasu zuwa Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. Da yawa daga cikinsu a soja suka koyi tuƙi da kanikanci. Da suka dawo bayan 1945, su ne suka cika tashoshi a matsayin direbobi da makanikai, attajirai kuma suka shiga sayen manyan motoci.

Dalar gyada ta yi ta tashi a Kano saboda jirgi ya gaza kwashewa da wuri. Sana'o'in da ba a sani ba a ƙuruciyar sarkin suka kafu: direba, yaron mota, ɗan kamasho, mai facin taya. Hanyar Kano zuwa Kazaure zuwa Daura, ta wuce Kwangwalam ta shiga Nijar, ta karɓe aikin da tsohuwar hanyar fatake ke yi.

Sarki Abdurrahman ya ga samun 'yancin kai a 1960, ya rasu a 1966, shekarar da Jamhuriya ta Farko ta rushe. Wamban Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi minista a gwamnatin Sardauna, shi ya gaje shi, ya yi mulki har 2007.

Jirgin ƙasan da ya tsaya a Kano a shekarar naɗinsa sai a Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layinsa daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A garin kuma yanzu akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a Disamban 2019.